Ruwan Ful Ɗin Da Kake Shiga, Yana Zagayawa Kuwa?

 Waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau maganar ruwa za mu yi, amma ba na sha ba. Maganar kwamin ninƙaya ce, wanda mu matasa muke ce wa suwimin-ful, ko ful a taƙaice. Kun san da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Yamai, to otal-otal da wuraren shaƙatawa masu ful sai su cika maƙil. Ranar yawon sallah kuwa ba a magana. A biya kuɗin shiga, a faɗa ruwa, a ɗauki hoto a ɗora a sitatus. Amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tsayawa ya tambaya: wai ruwan nan da mutum hamsin suka shiga tun safe, me yake tsaftace shi?

Amsar tana cikin wani ɗan ɗaki da ke gefen ful ɗin, wanda ba wanda yake yin hoto a gabansa. A nan injin ruwa yake, da matatar yashi. Idan abin da ke ɗakin nan bai yi daidai ba, ko an kashe shi don tsimin wuta, to abin da kake iyo a ciki kududdufi ne da aka yi wa ado da tayil. Maganar tawa ta shafi mutum uku: mai shiga ful, da mai shirin gina shi a gida ko otal ko makaranta, da kuma matashin da yake neman sana'ar hannu wadda ba a yi mata yawa ba tukuna.

Mu fara da yadda ruwan yake tafiya. A jikin bangon ful, daidai saman ruwa, akwai wani baki mai kama da taga. Shi ne yake zuƙe ruwan sama, inda ƙura da ganye da man shafawa da gumi suke taruwa. A can ƙasa kuma, wajen da ya fi zurfi, akwai magudana mai murfi. Inji yana jawo ruwa daga waɗannan wurare biyu, ruwan ya fara bi ta wani ɗan kwando da yake tare gashi da ganye, sannan a tura shi cikin tankin yashi ya tace, a sa masa kulorin, ya dawo ful ta wasu ƙananan hanci da ke jikin bango. Haka zai yi ta yi. Kulorin shi yake kashe ƙwayoyin cuta, yashi yake kama datti, amma inji ne yake kai ruwan wurin yashin, shi ne kuma yake raba kulorin ko'ina. Duk kusurwar da ruwa ya tsaya cak, nan gansakuka take fara kama bango. Idan aka bar shi kwanaki, sauro ma ya samu wurin ƙyanƙyasa.

To yaya ake zaɓen injin? A nan ne yawancin mutane suke tafka asara. Mutum zai shiga kasuwa ya ce a ba shi babban inji, mai hos-fawa 2 ko 3, wai don ruwa ya yi ƙarfi. Mai shago kuwa ba zai hana shi ba, ciniki ya zo. Alhali ba daga hos-fawa ake fara lissafi ba. Daga yawan ruwan ake farawa.

Ɗauki biro. A ce ful ɗin yana da tsawon mita 10, faɗin mita 5. Gefe ɗaya zurfinsa mita 1, ɗaya gefen mita 2, matsakaicin zurfi ke nan mita 1.5. Ka ninka 10 sau 5 sau 1.5, ya ba ka kubik mita 75. Kowane kubik mita lita 1,000 ne. Ruwanka lita 75,000 ke nan. Jarka mai lita 25 guda 3,000, ga masu son a kwatanta musu da kurar mai ruwa.

Mataki na biyu: a cikin awa nawa kake son inji ya tura adadin wannan ruwan ta cikin matata? Wannan shi ne zagaye ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da kundin ƙa'idojin wuraren ninƙaya na jama'a a shekarar 2014, kuma a ciki an ce ful na gama-gari kada zagayensa ya wuce awa 6. Na ƙananan yara marar zurfi kuwa, awa 1. Dalili a fili yake: ruwa kaɗan, yara da yawa, kuma kowa ya san abin da yaro yake yi a ruwa. Ful na gida da iyali kaɗai ke shiga, awa 8 ma ya wadatar.

Mu ɗauki awa 6. Raba 75,000 gida 6, ka samu lita 12,500 a kowace awa, wato kubik mita 12.5. Wannan lambar ita za ka riƙe ka tafi da ita kasuwa. Ba hos-fawa ba.

Ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Zagaye ɗaya ba ya nufin duk ruwan ya bi ta matata, domin ruwan da aka tace yana dawowa ya gauraya da wanda ba a tace ba. A lissafi, idan ruwan yana gauraya sosai, zagaye ɗaya yana taɓa kusan kashi 63 cikin 100 ne kawai. Zagaye biyu kashi 86, uku kashi 95, huɗu kashi 98. Kun ga ke nan, zagaye huɗu na awa shida-shida shi ne awa 24. Shi ya sa ful na jama'a ake so injinsa ya kwana yana aiki. Wanda yake kunna inji awa uku da safe kafin kwastoma su zo, rabin zagaye ɗaya kawai ya yi.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane, don haka a bi ni a hankali. A jikin kwalin inji za ka ga an rubuta, misali, kubik mita 20 a awa. Wannan adadin sau da yawa shi ne abin da injin zai bayar idan ba abin da ya tare masa hanya. Amma a zahiri ruwa yana gogayya da bututu, yana karya kwana a kowace gwiwa, yana kutsawa ta cikin yashi. Duk wannan turjiya ce, kuma ana auna ta da mita, kamar a ce tsayin da inji zai ɗaga ruwa sama. A ƙananan ful yawanci takan kama tsakanin mita 10 zuwa 15. Kowane injin kirki yana zuwa da takarda mai zanen layi da yake nuna: a turjiyar mita kaza, zan ba da ruwa kaza. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce, "Alhaji, a mita 12, lita nawa yake bayarwa a awa?" Idan ya ciro takarda ya nuna maka, ka zo wurin da ya dace. Idan ya ce "ai wannan jibgege ne, zai yi," to ka leƙa shago na gaba. Ful irin na misalinmu, injin da bai wuce hos-fawa 1 ba yakan riƙe shi.

Me zai faru idan ka dage sai babba? Abu uku.

Na farko, bututu. Bututu yana da iyakar ruwan da zai ɗauka cikin lumana. A ɓangaren da inji yake zuƙa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada gudun ruwa ya wuce kimanin mita 1.8 a daƙiƙa. Da wannan lissafin, fayif ɗin inci ɗaya da rabi yana ɗaukar wajen kubik mita 10 a awa, na inci biyu kuma wajen 16. Ke nan ful ɗinmu mai buƙatar 12.5, inci biyu ya kamace shi. Ka ɗora babban inji a kan siririn fayif, zai yi ta zuƙa ruwa bai ishe shi ba, ka ji yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa, fankar ciki tana cinyewa a hankali. Kamar ka ba ƙato kunu mai kauri da tsinken shan lemo ne. Kuma fayif ɗin nan a ƙarƙashin kankare yake, gyaransa sai an fasa. Don haka mai gini, ka yi wannan lissafin kafin fulamba ya binne bututu, ba bayan an manna tayil ba.

Na biyu, matata. Yashi yana kama datti ne idan ruwa ya bi ta cikinsa a natse. Tankin yashi mai faɗin santimita 60, iyakarsa wajen kubik mita 14 a awa. Idan ka danna masa 25, ruwan zai huda hanya a cikin yashin ya wuce da dattinsa, ya dawo maka ful. Sai ka ga inji yana ta ruri amma ruwa ya ƙi washewa, ka yi ta zuba magani a banza. A wurin jama'a ma an fi son a rage gudun tacewar, don haka ga ful ɗinmu gara tanki mai santimita 75. Abin da zan ce ku riƙe shi ne: idan kuɗi ya rage, a ƙara girman matata, ba girman inji ba.

Na uku, wuta, kuma a nan ne maganar ta zama tamu ta Najeriya. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit. Mu yi lissafi da wannan farashin. Injin da yake cin kilowat 1, idan ya yi awa 24 ya sha yunit 24, naira 5,400 a rana, naira 162,000 a wata. Mai cin kilowat 2, naira 324,000. Wannan idan akwai wutar ke nan, ba a yi maganar dizal ba. To ku gaya min, manajan da ya ga wannan bil ɗin me zai yi? Kashe inji zai yi. Kun ga yadda babban inji yake ƙarewa da ƙazamin ruwa: an saye shi don ruwa ya yi ƙarfi, tsadarsa ta sa ba a kunna shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ƙaramin inji da yake aiki dare da rana ya fi jibgegen da ake kunnawa awa uku.

Akwai kuma injin da ake iya rage masa gudu ko a ƙara. Sirrinsa wata ƙa'ida ce ta injiniyoyi: idan ka rage gudun fanka da rabi, ruwan da take turawa ya ragu da rabi, amma wutar da take ci tana sauka zuwa kashi ɗaya cikin takwas a lissafin takarda. Ko da ka ninka masa lokaci don ya tura ruwa daidai da na da, kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ka kashe. A aikace ba ya kaiwa haka cif, amma ragin yana da yawa, har ta kai a Amurka tun watan Yulin 2021 dokar ma'aikatar makamashi ta sa yawancin manyan injinan ful da ake ƙerawa sai irin wannan. Yana da tsada a saye, gaskiya ne. Amma ga mai sola yana da wata fa'ida: yana tashi a hankali. Injin gargajiya kuwa a lokacin tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci idan ya daidaita, shi ya sa za ka ga inbata ta ɗauke ko janareto ya shaƙe da zarar an kunna shi.

Gargaɗi biyu kafin mu bar kasuwa. Ɗaya, injin da ake tura ruwa da shi zuwa tankin saman bene, ko sumo na rijiyar burtsatse, ba injin ful ba ne. Su an yi su ne don su ɗaga ruwa kaɗan zuwa sama sosai. Na ful an yi shi ne don ya tura ruwa mai yawa a turjiya kaɗan, jikinsa roba ce mai jure kulorin, kuma yana da kwandon tare datti. Biyu, masu sayen na gwanjo, ku duba ƙarfen da ke manne a jikin moto. Wutarmu bolt 230 ce, 50Hz. Wanda aka yi don Amurka 60Hz ne. Idan ka sa shi a wutarmu gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ruwan da zai bayar ya gaza abin da aka rubuta, kuma moto yana iya ɗaukar zafi. Araha ba ta ado.

Yanzu mu zo inda maganar ta wuce kuɗi ta koma ta rai.

A shekarar 2002 a Amurka, wata yarinya 'yar shekara 7 mai suna Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen ƙasar James Baker, ta rasu a wani ƙaramin kwamin wanka. Ta iya iyo sarai. Magudanar ƙasa ce ta zuƙe jikinta ta manne, mahaifiyarta ta ja ta ja ta kasa ciro ta. Wannan ya sa a Disambar 2007 aka sa hannu a kan doka mai ɗauke da sunanta, wadda ta tilasta wa wuraren ninƙaya na jama'a sa murfin magudana na musamman da jiki ba zai iya toshe shi ba. Masu gini na zamani kuma suna sa magudana biyu, da tazarar aƙalla santimita 90 a tsakaninsu, ta yadda idan jiki ya rufe ɗaya, inji zai ja ta ɗayar. Ku lura, ƙarfin zuƙar nan daga inji yake zuwa. Babban inji a kan magudana guda mai fasasshen murfi tarko ne. 'Yan'uwa mata masu dogon gashi ko kitso da ƙari, da masu shiga da kaya masu yalwa, ku nisanci wurin magudana. Idan kuka ga murfin ya fashe ko babu shi, kada ku shiga, kada ku bar ƙannenku su shiga.

Sai maganar ruwa mai duhu. A 2011, a garin Fall River na jihar Massachusetts, wata mata ta nutse a ful na gwamnati, gawarta ta kwana biyu a ƙasan ruwa mutane suna ta iyo a sama ba wanda ya gan ta, saboda tsabar gurɓacewar ruwan. Wanda yake nutsewa ba ya ihu kamar a fim, shiru yake tafiya ƙasa. Idan ba a ganin ƙasa, ba mai ceto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa su ne kan gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya har rana ta ware, 25 ga Yuli, don wannan matsalar.

Cuta kuma fa? Ana so kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin pH kuma tsakanin 7.2 zuwa 7.8. Ranarmu mai zafi tana cinye kulorin da sauri, ƙurar hunturu tana cika matata, don haka a nan sai an fi yawan aunawa. Kuma akwai wata ƙwayar cutar gudawa, Kiriftosforidiyom, da take iya rayuwa fiye da mako guda a ruwa mai kulorin daidai ƙa'ida. Shi ya sa mai gudawa bai kamata ya shiga ful ba sam. Wani abin mamaki: warin kulorin mai ƙarfi da ke sa ido ja, wanda muke ɗauka alamar tsafta ce, ba ita ba ce. Wari ne na kulorin da ya haɗu da gumi da fitsari. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin shiga, ka yi minti biyu ka duba abu biyar. Tsaya a bakin wuri mafi zurfi: kana ganin magudanar ƙasa tar? Murfinta lafiya yake? Sa hannu a gaban hancin da ke jikin bango: ka ji ruwa yana turo ka? Shafa tayil ɗin cikin ruwa: idan yana santsi kamar kuɓewa, gansakuka ta fara. Sannan ka tambayi mai kula da wurin yaushe ya auna ruwan, ya nuna maka abin awon. Ba rashin kunya ba ne. Kuɗinka ka biya, kuma jikinka ne. Idan mu goma muka yi wannan tambayar a rana ɗaya, wallahi manaja zai fara kunna inji.

Masu wuraren kuma, don Allah abu biyu: a sa wa layin injin da fitilun cikin ruwa bireka mai katse wuta idan ta zurara, mai miliamf 30, a kuma yi ayin ɗin ƙasa yadda ya kamata. Ruwa da lantarki ba a yi musu ganganci. Sannan makunnin kashe inji ya kasance a inda ma'aikaci zai kai hannu cikin daƙiƙa, ba a ɗakin da aka kulle aka tafi da makulli ba.

Na ce zan yi magana da mai neman sana'a. Duk abin da na lissafo ɗin nan aiki ne da ake biyan kuɗi a kansa, kuma ba ya buƙatar digiri. Wanda ya iya auna ruwa, ya san a bar ruwa a tsakiyar bakin zuƙar sama don kada inji ya sha iska, ya san ba a kunna inji babu ruwa a cikinsa don kada sil ya ƙone, ya san a zazzage kwando, ya san idan allurar geji ta haura da psi 8 zuwa 10 a kan yadda take lokacin da yashi yake da tsafta to lokacin wanke matata ya yi, ya kuma san ba a murɗa bawul ɗin matata sai an kashe inji, to wannan ya riga ya fi da yawa daga masu riƙe da ɗakunan injin yanzu. Ka nemi mai yin aikin ka bi shi wata biyu ko uku, ka sayi abin awon ruwa da raga da burushi, ka buɗe littafi kana rubuta awon kowace rana. Littafin nan shi zai sa a riƙe ka, domin shi ne shaidar cewa ka san abin da kake yi.

Kuma ina ganin wannan ilimin ya kamata ya yaɗu, don ƙannenmu ba za su daina shiga ruwa ba. Idan ba su samu ful mai tsafta da kuɗinsa ya yi sauƙi ba, kududdufi da rafi za su tafi, inda tsargiya take jiran su, inda kuma ba mai gadin da zai ciro su. Ful ɗin da aka yi wa lissafi daidai ya fi arhar riƙewa, wanda ya fi arhar riƙewa kuma shi ne makaranta ko unguwa za ta iya ɗauka.

A nan za mu dakata. Wanda yake da ful ko yake shirin ginawa, ya ajiye mana tsawo da faɗi da zurfi a wajen sharhi, mu yi lissafin tare kowa ya amfana. Wanda kuma ya gwada abu biyar ɗin nan a inda yake zuwa, ya zo ya ba mu labarin abin da ya gani, ba sai ya kama sunan wuri ba. A tura wa abokin da ba ya wuce ful ranar Lahadi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.